Rigar Sitaf da Karfasa Biyu

Duk ranar kasuwar Wara, idan na bi ta layin 'yan gwanjo, sai na ga irin rigar nan a rataye, wadda aka rubuta wa sitaf da manyan baƙaƙe a gadon baya. Samari na saye su saka su shiga jirgi, wani har ɗaurin aure yake zuwa da ita, ba ruwansa da abin da aka rubuta. Kuɗinta bai kai na tarwaɗa ɗaya mai kyau ba. Ni kuwa Ummaru, Basarke ɗan Basarke, mai gadon su, da gemuna da hankalina, na ƙetare ƙasa uku ina bin rigar nan, na yi damina biyu ina yi mata bauta. Ku riƙe dariyarku tukuna, ku ji yadda aka yi.

Abin da ya fitar da ni gida ba dogon labari ba ne. Kifi ya ja baya a tafkin Kainji, taru ya fi kifin yawa, a wuni a ruwa a dawo da abin da bai rufe gindin kwando ba. Gidanmu kuma ya cika ya batse, mu da yayyena da matansu da 'ya'yansu duk tsakar gida ɗaya. Matata Kulu da jaririyarmu Ummi suna wani ɗaki da buhunan albasa suka cinye rabinsa. Alkawari ɗaya na yi wa Kulu: duk inda na sami ɗaki nawa na kaina, mai ƙyaure da makulli, zan aiko ta zo. Ta ce ta ji. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne.

Mu biyu muka sauka Malambil, bakin iyakar Binin, daga jirgin 'yan albasa: ni da Bawa, wani mutumin Shanga da muka saba a cikin jirgin, mai surutu kamar ya haɗiyi rediyo. Labarin da ya taso da mu ɗaya ne. Wai a Gana, a tafkin Bolta, akwai kamfanin da ke kiwon kifi cikin keji a tsakiyar ruwa, suna neman waɗanda suka san ruwa. Ƙafafunmu ba su gama bushewa ba wani mutum ya tare mu, fari, mai ƙamshin turare, da carbi a hannu. Ya ce sunansa Alhaji Sabo, shi ne wakilin kamfanin a garin. Ya saya mana shayi da burodi, ya tambayi lafiyar iyayenmu ɗaya bayan ɗaya.

"Aiki can kashi biyu ne," in ji shi. "Akwai lebura, yau a ɗauke shi gobe a kore shi. Akwai kuma sitaf. Shi sitaf, abinci, asibiti, ɗaki, har iyali yana kawowa."

Ina jin ya ce ɗaki, kunnuwana suka miƙe. Kalmar kuwa ba baƙuwata ba ce. A firamaren Wara akwai ɗakin malamai da ake ce wa sitaf-rum, nan ake kai mu a zane mu idan mun gudu kamun kifi. Tun daga nan na san duk wanda ake kira sitaf, shi ne mai riƙe da bulala.

Alhaji Sabo ya zuge jaka ya fito da riguna biyu rawaya a cikin leda, kowace da kalmar a baya.

"Ku saka wannan. Kuna isa ƙofa mai gadi zai sara muku."

Na ƙirga masa kuɗin tarun da na sayar a gida. Bawa, da nasa ba su kai ba, ya haɗa da agogonsa. Mutumin ya yi mana addu'a mai tsawo, muka shafa, har da cewa amin da ƙarfi.

Wallahi a hanya rigunan sun yi mana aiki, ko da yake ba irin wanda muke so ba. A tashar motar Faraku mutane suka yi ta tare mu suna tambayar motar gari kaza, wata mata ta ɗora wa Bawa buhun doya a ka ta nuna masa inda zai kai. Abin ya ba ni mamaki. Mutanen nan Faransanci suke yi, ko gaisuwa ba su iya da Turanci ba, amma kalmar nan kowa ya san ta. Yaran mota na da ita a baya, masu share otal na da ita, har a talabijin ɗin wani mai shayi na ga ana ƙwallo a ƙasar Larabawa, ga wasu a gefen fili da ita. Na ce wa Bawa, "Kai, ashe babbar ƙungiya munka shiga." Ya ce ai shi tun a jirgi ya ji a jikinsa.

A iyakar Togo wani jandarma ya juya ni ya karanta bayana.

"Sitaf? Na wa?" Da Hausa ya yi tambayar.

"Na kamfani, ranka ya daɗe," in ji Bawa.

"Wane kamfani?"

Muka dubi juna. Sai a lokacin na tuna Alhaji Sabo bai faɗa mana sunan kamfanin ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Aka zaunar da mu a rana har inuwa ta juya, aka karɓe ɗan abin da ya rage mana, sannan aka ce mu wuce. Wata mai koko a bakin shingen ta ga yadda muke tafiya kamar an zare mana laka, ta kira mu ta cika mana kofi, ta haɗa da ƙosai. Ta ce Hausata irin ta uwarta ce, mutuniyar Illo, ta roƙe ni in sake cewa kihi, yadda muke kiran kifi, ta ji. Na faɗa mata har sau uku, ta yi dariya har da hawaye, ta ƙi karɓar ko sisi.

Daga nan sai bayan motar gawayi, sai ƙafa, sai bayan motar shanu, har muka faɗa Gana ta Yandi, muka gangara Salaga, muka ƙetare ruwa zuwa Yeji. Ranar da na fara ganin Bolta sai da na zauna a ƙasa. Ruwa ne iyakar ganinka, ga busassun itatuwa tsaye a cikinsa, ga warin banda, ga mata na wanke-wanke a gaɓa. Ba don harshen da ake yi ba, da na rantse bayan gidanmu ne. Kewar gida ta taso mini, na wanke fuska da ruwan don kada Bawa ya gani. A Yeji muka yi dakon kaya har muka sami na jirgi, muka bi ruwa kudu zuwa inda aka ce kejin suke.

Da safe muka wanke rigunanmu, muka bari suka bushe a jikinmu, muka nufi ƙofar kamfani muna taku ɗai-ɗai. Mai gadi bai sara mana ba. Ya zagaya mu kamar mai tayin rago, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya zagaya, sai suka fashe da dariya har ɗaya na dafa bango. Aka kira wani dogon mutum mai tsage a kumatu, Hamidu, Bazabarme daga Gaya, shi ne heluman lebura. Ya dubi ƙirjina, inda aka zana wata 'yar garaya ta Turawa.

"Wannan rigar masu gadin wasan kiɗa ce a Turai," ya ce. "Gwanjo ce. Mai turaren nan na Malambil ko? Ba ku ne na farko ba."

Ya nuna mana wani da ke wucewa da shuɗiyar riga, hoton kifi a ƙirji, kalmar a baya. Ita ce ta gaskiyar.

Bawa ya ɗora hannu a ka. "Allah ya isa! Alhaji Sabo, Allah ya isa tsakanina da kai! Har da agogona!" Bai yi wata guda ba ya bi wasu samari ramin zinariya, ya ce shi ba zai tsaya kifi ya raina shi ba. Ni na tsaya. Taurin kai gadon gidanmu ne, kuma na riga na ga layin ɗakunan sitaf daga bakin waya, fararen ɗakuna masu koren ƙyaure, da mata na shanya a gaba. Na ce a raina, ɗaya daga cikin nan na Kulu ne.

Lebura a wurin nan, kullum da sassafe zai tsaya a ƙofa, Hamidu ya fito ya nuna wanda ya nuna. Aikin kuwa dakon buhunan abincin kifi, wanke raga, da watsa wa kifi abinci. Wannan na ƙarshen ya daɗe yana ba ni haushi. Ni da na tashi ina farautar kifi, ina bin sa lungu-lungu, yau ni ne ke kai masa abinci har gida safe da yamma kamar surukina. Karfasa ce zalla, dubbai, sun yi ƙiba sun yi wauta, kana miƙa hannu suna zuwa.

Komai na wurin an raba shi biyu. Ƙofar sitaf daban, famfonsu daban, bencinsu daban, har bayan gida. Su suna da ɗakin cin abinci, mu kuwa sai gaɓar ruwa, inda wata tsohuwa, Mama Ajo, ke sayar da dokunu, tuwon masarar Gana, da barkono a ƙarƙashin wata rumfar kwano. Ƙabilar Ewe ce, ba ta da miji ba ta da ɗa a kusa, rumfar nan ita ce gonarta. Hausarta ba ta wuce kalma goma ba, amma da ita da hannu muka yi hira mai yawa. Wata rana ta nuna mini tsakiyar tafki da ludayi, ta ce, "Gida. Baba, mama, can." Na gane. Garinsu na ƙarƙashin ruwa tun da aka yi dam. Na dafa ƙirji na nuna arewa, na ce mu ma haka, kabarin kakana kifi ke yawo a kansa. Daga ranar ta daina kirana Nijeriya, ta koma ce mini ɗana.

Da zazzaɓi ya kayar da ni a daminar farko, na ja jiki zuwa asibitin kamfani. Ma'aikaciyar ba ta yi mini wulaƙanci ba, ta dai nuna mini allon da ke ƙofa, ta nuna rigata, ta girgiza kai. Mama Ajo ce ta shimfiɗa mini buhu a bayan rumfarta, ta dafa ganyen darbejiya ta yi mini surace, ta dinga ɗura mini kunu da cokali tana faɗa da yarensu. Ban san me take cewa ba, amma muryar irin ta Inna mahaifiyata ce sak idan na ƙi shan magani. Sai da na miƙe da ƙafata ta bar ni na koma zango, unguwar Hausawa.

A zango kuwa a shagon Malam Tanko nake kwana, tsohon malamin makaranta, jikan fataken goro. Hausarsu ta Gana ba ruwanta da mace ko namiji, matarsa ma "ya tafi kasuwa" ce. Shi yana mini dariyar kihi, ni ina masa dariyar wannan. Wata la'asar ya gan ni ina bin wani mai shuɗiyar riga da kallo.

"Ummaru, wannan kalma da ke hana ka barci, ka san mece ce asalinta?"

"Mi ne ne, Malam?"

"Sanda. Sanda kawai, irin ta makiyayi, ko wadda tsoho ke dogarawa. Can da a wurin Turawa ba ta wuce haka ba. To manyan sojansu suna riƙe sanda alamar muƙami, sai aka koma kiran hafsoshin da ke kewaye da babban kwamanda da sunan. Daga bariki ta shiga ofis, ta shiga makaranta da asibiti. Ko sandar girma da gwamna ke miƙa wa sarakunanku, da Turanci sunanta ke nan. Yanzu ta gama duniya. Ɗana yana Italiya yana wankin kwanoni a gidan abinci, ya ce su ma haka suke faɗa, ba su ko fassara ta ba."

"To shi ɗan naka sitaf ne?"

Ya ce, "Yana nema."

"Ka gani, Malam. Ni dai ba sanda ta kawo ni ba, muna da ita gida jibgi. Ɗaki nike so."

Ya ce Basarke dai ba ya jin karatu, na ce malami dai ba ya iya ninƙaya, muka tashi sallah.

Ranar Juma'a nake kiran gida. Ummi da na bari a goye ta fara tafiya, ta fara magana, duk a waya na ji. Kulu ta ce idan aka tambaye ta ina Baba, wayar take nunawa. Ta faɗa mini ne don in yi dariya, na kuwa yi, amma da na kashe sai na kasa cin abinci. Ba ta taɓa ce mini yaushe ba. Sai dai ta ce, "An ƙaro albasa, yanzu a karkace nike shimfiɗa tabarma," ta wuce zuwa wata maganar.

Tuƙi ne ya fitar da ni. Ba yabon kai ba, in dai jirgi ne, da inji ko da filafili, ban san wanda zan ce ya fi ni ba daga Wara har Yelwa. Wata rana direban babban jirgi bai zo ba, Hamidu ya ce wa zai iya, na ce ga ni. Iska ta taso muna dawowa, na bi da jirgin ta tsakanin kututture na kawo shi gaɓa ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Daga nan duk ranar da aka rasa direba, sai a ce a kira Nijeriya. A haka har labari ya kai ga shugabar wurin, wata 'yar Gana mai gilashi da kowa ke kira Madam. Mace ce mai tsare gida, ba ta dariya, amma ban taɓa ganin ta zalunci kowa ba.

Bayan damina ta biyu ta kira ni ofis, Hamidu na fassara. Ta miƙo mini shuɗiyar riga a cikin leda. Ta ce gwaji ne, in na kai ƙarshen wata lafiya na zama sitaf cikakke, ɗaki kuma akwai wanda ba kowa a ciki. Hamidu ya kai ni na gani. Siminti a ƙasa, taga tana duban ruwa, famfo a baya, ƙyaure da makulli. Na buɗe na rufe, na buɗe na rufe, har Hamidu ya ce in bari kada in karya musu. Ban jira Juma'a ba, a nan tsaye na kira.

"Kulu, ɗaure kaya."

Ta ce, "Da gaske, Baban Ummi?" Na ji muryarta na rawa, abin da ban taɓa ji ba.

Kafin mako ya zagayo ta sayar da akuyarta, ta ɗaure kwanoninta a buhu, ta bi dangi gida-gida tana sallama har Ngaski. Inna ta haɗa mata kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ce an ce can ba su san miya ba. Yayana ya yi magana da mai jirgin albasa. Ni kuma ina yawo da shuɗiyar riga, mai gadin da ya yi mini dariya yanzu shi ke buɗe mini ƙofa, ina ce masa sannu da aiki da murya irin ta manya.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare aka yi babban kwashe. Ni ne direba, karo na farko da na shigo gaɓa da jirgi cike da kifi a hannuna. Hantsi ne, rana tarwai, mata masu saye sun yi layi da bahunansu, ma'aikatan sikeli na jira, Madam na tsaye a kan dakali. Na kashe inji, na yi bisimilla, na diro. Ga Mama Ajo a bakin ruwa, ta ɗaga hannu tana murna, tana cewa, "Sannu, ɗana! Sannu!"

To a nan sai na yi muku bayani. A wurinmu, jirgi ba ya sauka da kifi a fara ciniki sai an fitar da na miya. Duk tsohuwa, ko gwauruwa, ko makaho da ya tsaya a gaɓa ya yi maka sannu da ruwa, za ka zaɓa ka miƙa masa kafin mai saye ya taɓa. Ba roƙo ba ne, ba kuma a jira godiya. Haka na ga ubana na yi, haka ya ga nasa, ko ranar da aka kamo kaɗan. Mai jirgin da ya tsallake wannan, har 'ya'yansa sai an yi musu gori. Ba abu ne da ake tunani kafin a yi ba, hannu ne ke yi da kansa.

Hannuna kuwa ya yi. Na juya na zaɓi karfasa biyu, na riƙo su ta wuya, na taka na saka mata a roba, na ce, "Ga na miya, Inna."

Na waiwaya na ga Hamidu ya dafe goshi. Madam ta cire gilashi ta mayar. Sai a lokacin na gane abin da na yi.

A ofis ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wannan kifin ba na tafki ba ne da Allah ya watsa wa kowa, kiwonsa aka yi, da abinci da magani, masu shi kuma suna wata ƙasa suna jiran lissafi. Ta ce doka ɗaya ce tun ranar da aka buɗe wurin: ma'aikacin da ya fitar da kifi ko ɗaya, ya tafi. Ta kori mutane a kan haka, har da ɗan ƙanwarta. In ta bar ni, gobe kowa na da tsohuwarsa. Na ce a cire a albashina. Ta ce ba maganar kuɗi ba ce. Gaskiya ban ga inda ta yi ƙarya ba, kifi nasu ne. Ta ce in fita in jira.

Hamidu ya ja ni bayan tankin ruwa.

"Saurara, ɗan'uwa. Madam ba ta son rasa ka, hanya take nema. Daga dakali ba ta ga hannunka sosai ba, ko ta ce ba ta gani ba. Ka ce tsohuwar ce ta ɗauka da kanta, kai kana ƙoƙarin karɓewa ne. Shi ke nan."

"Sai a yi mata mi?"

"Tsohuwa ce, ba mai kulle ta. Za a dai hana ta zama a gaɓa, a tashi rumfar."

"Ta ci mi?"

"Kai kuma matarka ta kwana ina? Shekara nawa kana wahala? Kalma ɗaya ce fa, Ummaru."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in faɗa. Wallahi na so. Daga inda muke tsaye ina hango koren ƙyauren nan. Na tuna buhun kwanoni a ɗaure, na tuna akuyar da aka sayar, na tuna matan yayyena da abin da za su ce. Na tsuguna. Can ƙofa kuma na hango Mama Ajo, ta dawo da kifin a roba, ta durƙusa gaban mai gadi tana miƙa masa, shi kuma yana ja da baya. Matar da ta ɗura mini kunu da cokali ke nan, ita ce zan shiga in ce ɓarauniya.

Na tashi na kakkaɓe gwiwa, na shiga.

"Hamidu, faɗa mata yadda na faɗa, kada ka gyara. Ni na zaɓa, ni na ba ta. Ba ta roƙa ba, ba ta taɓa jirgi ba. A garinmu haka a ka yi, na manta ba garinmu nike ba."

Ya fassara, yana hararata. Madam ta ce ba ta taɓa samun direba kamata ba, kuma ta yi baƙin ciki, amma doka doka ce. Na ce na gode. Na cire rigar a nan gabanta, na ninke ta yadda aka ba ni, na ajiye a kan tebur, na fito da 'yar shara. A ƙofa na ɗaga Mama Ajo, na mayar mata da robarta a ka, na yi mata alama da hannu a baki cewa ta je ta dafa. Tana kuka tana ta maganarta, ni kuma ina ce mata ba komai, kamar tana ji.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce wayar. Na sauka gaɓa nesa da mutane, na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale, na kira. Tana ɗauka ta fara ba ni labarin mai jirgi ya ce ranar kasuwa mai zuwa, ta yi wa Ummi kitso, ta sayo mata takalmi.

"Kulu, tsaya. Babu ɗakin."

"Mi ya faru?"

Na faɗa mata duka, ban rage ba, har da maganar Hamidu a bayan tanki. Na gama. Ina jin kaji, ina jin turmi a tsakar gidanmu, ita ba na jin ko numfashinta. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa, duk wanda ya zo na san na cancanta in saurara.

"Baban Ummi."

"Na'am."

"Kihin da ka ba ta, manya ne ko ƙanana?"

"Manya. Waɗanda sunka fi duka cikin jirgin."

Ta ja dogon numfashi.

"To madalla. Da ƙanana ne, da ban san da idon da zan dubi Inna a gidan nan ba." Ta yi gyaran murya. "Bari in je in kwance kwanonin nan, kwana da kwanaki a kwanon aro mu ke ci."